Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Filato Kan Abin Da Ke Hana Mu Zuwa Asibitin Haƙori

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah ya taya ka riƙo.

Ni mai kemis ne a Anguwan Rogo, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Maganar haƙori ce. Na san a kan teburinka akwai abubuwan da suka fi ta ƙara: zazzaɓin cizon sauro, kwalara in damina ta sauka, zazzaɓin Lassa in rani ya shigo, mata masu rasa rai wurin haihuwa, ga kuma bayin Allah da rikici ya raba da gidajensu a Mangu da Bokkos. Ciwon haƙori ba ya shiga labaran rediyo. Amma ka tambayi duk mai kemis daga Gangare har Bukuru abin da ke kawo mutane shagonsa bayan sallar isha'i, za ka ji ya ambaci haƙori tun kafin ya yi nisa da lissafi.

Mutanenmu ba sa zuwa a duba musu baki sai ciwo ya kai su bango. Idan aka tambayi ma'aikatan lafiya dalili, amsar da aka saba ji ita ce jahilci da sakaci. Akwai su, ban musa ba. Sai dai ni da nake tsaye bayan kanta, ina jin abin da mutum ke faɗa kafin ya yanke shawarar ƙin zuwa, na san lissafi yake yi. A yadda aka tsara abubuwa yanzu kuwa, da wuya ka ce masa lissafin nasa ba daidai ba ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Mai Keke Napep zai shigo da dare, hular sanyi har kunne, hannu ɗaya dafe da kunci, yana magana ta gefen baki. "Malam, ba ni mai ƙarfi." Kafin ya iso wurina ya gama da na gida: ya tauna kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, ya cusa audugar da aka jiƙa da turare, wani a majalisa ya ce ya danne ƙwayar asfirin a jikin dasashi, ta ƙone wurin ya yi fari fat. In na haska da fitilar waya sai in ga rami baƙi ƙirin a matauni, gefe guda na haƙorin ma ya ɓantale. In ce masa, "Ɗan'uwa, wannan ya wuce kemis, sai asibiti." Sai ya fara lanƙwasa yatsu. Kuɗin kati. Kuɗin hoto. Kuɗin aikin da ba a sanin ko nawa ne sai an hau kujera an buɗe baki. Wuni guda a layi, alhali keken ba nasa ba ne, mai shi na jiran kuɗinsa da yamma ko an fita ko ba a fita ba. Wataƙila kuma a ce ya sha magani kumburin ya sauka ya dawo wani mako, wani wunin ke nan ya tafi. Bayan duk wannan, abin da za a yi masa shi ne a cire haƙorin. Sai ya ce, "To Malam, in dai cirewa ce ƙarshenta, saurin me nake yi? Bari ya lafa."

Kuma yakan lafa ɗin. Nan ne cutar take yaudarar mutane, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Ƙwayoyin cutar da ke manne a jikin haƙori suna cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da wani tsami da ke zaizaye farin ɓawon haƙori a hankali. A wannan lokaci ba a jin komai, domin ɓawon ba shi da jijiya. Ana iya ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, ramin na ƙaruwa mutum bai sani ba. In ya ratsa ɓawon ya shiga ciki sai a fara jin zugi idan an sha abu mai sanyi ko mai zaƙi, mu kuwa a Jos muna da wanda za mu ɗora wa laifi a shirye: hunturu ne, ruwan alwalar Asuba ne na watan Disamba. In ramin ya kai ga jijiya, shi ne ciwon da ke hana barci. Daga nan jijiyar ta mutu, zafin ya ɗauke ɗif, mutum ya yi hamdala ya ce maganin wane ya yi aiki. Alhali ruɓar ta gangara cikin saiwa tana tara mugunya a ƙashin muƙamuƙi. Idan matauni na ƙasa ne, kumburin kan iya bi ta ƙarƙashin harshe ya sauka wuya ya toshe hanyar numfashi. Ana mutuwa da wannan, ranka ya daɗe, likitocinka sun sani, kuma a gida ba a cewa haƙori ne ya kashe shi, sai a ce wuyansa ne ya kumbura.

Ka ga ke nan lokacin da gyaran ke da sauƙi da araha, wato ɗan ciko kawai, babu zafin da zai tura mutum asibiti. Lokacin da zafi zai tura shi kuwa, hanya biyu ce ta rage: ko a wanke jijiyar a cike saiwar, aikin da kuɗinsa ya ninka na cirewa sau da yawa kuma sai an yi ta komawa, ko a cire. Talaka cirewa yake zaɓa. Ya dawo unguwa da giɓi da audugar jini a baki, maƙwabta su gani, su ƙara tabbatar wa kansu cewa asibitin haƙori wurin cire haƙori ne. Wa zai kai lafiyayyen haƙorinsa wurin cirewa? Haka abin ke ta zagayawa, kuma wa'azin "a riƙa zuwa duk bayan wata shida" bai taɓa karya shi ba. Abin da zai karya shi shi ne mutane su fara ganin 'yan'uwansu suna dawowa da haƙoransu a baki, an gyara, ba a tatse su ba.

Hakan ba zai yiwu ba muddin wurin duba haƙori ya yi nisa da mutane. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 17, likitocin haƙori kuwa kaɗan ne, yawancinsu kuma a Jos da Bukuru suke, a manyan asibitoci irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo da kuma asibitocin kuɗi. Mutumin ƙauyukan Wase ko Kanam ko Qua'an Pan sai ya haɗa kuɗin mota na zuwa da dawowa, da na ɗan rakiya, wani lokaci da wurin kwana, kafin a zo maganar magani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin motar nan kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, amma masu zuwa shagona yawancinsu ba su san albashi ba: 'yan dako ne, masu kayan gwari na Farin Gada, teloli, makanikai, matan aure masu ƙulle-ƙullen gida. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa kai tsaye. Wanda ke zaɓa tsakanin kuɗin cefane da kuɗin duba haƙorin da ba ya ciwo, kowa ya san wanda zai zaɓa.

Ƙaramin asibitin unguwa shi ne wanda mutane suka saba da shi. Can mata ke zuwa awo, can ake kai jarirai rigakafi, can ake gwajin maleriya. Amma wanda ya je da ciwon haƙori, abin da ya fi samu shi ne maganin kashe zafi da umarnin ya wuce babban asibiti. Mai ciki za ta yi wata tara ana auna mata jini da nauyi da kwanciyar ɗa, ba a taɓa ce mata "buɗe baki in gani" ba, alhali lokacin ciki ne dasashin mata da yawa ke kumbura yana zubar da jini.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, ilimin gyara wannan yana nan cikin garinmu. A Jos ne cibiyar nazarin lafiyar baki ta ƙasashen Afirka take, wadda ake kira ICOH, da gwamnatin tarayya ta kafa da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya. Jami'ar Jos tana da tsangayar koyar da likitancin haƙori. Kwalejin fasahar lafiya ta jiha da ke Pankshin tana yaye ma'aikatan lafiyar al'umma duk shekara. Kuma ba sai an saya wa kowane ƙaramin asibiti kujerar miliyoyin Naira da janareta ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata hanyar cike haƙori a Tanzaniya domin wuraren da ba su da wutar lantarki: a kankare ruɓar da ƙananan ƙarafan hannu, a cike ramin da wani farin ƙulli da ke kama haƙori yana kuma sakin sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori, ba injin huda, sau da yawa ma ba allura. Akwai kuma wani ruwan magani mai haɗin azurfa da fuloraid da ake ɗiga wa ramin haƙorin yaro ya tsayar da ruɓar, illarsa kawai wurin yakan yi baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙullin da wannan ruwan da man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ina roƙon ka zaunar da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha da mutanen ICOH da na jami'a a ɗaki ɗaya. A koya wa ma'aikacin lafiyar al'umma ya duba baki ya gane rami tun yana ƙarami. A ɗauki masu jinyar haƙori da suka yi karatun abin, waɗanda da yawansu ke zaune ba aiki ko suna aiki a asibitocin kuɗi, a ba kowannensu 'yan asibitocin da zai riƙa zagayawa a ranakun da kowa ya sani. Ranar kasuwa ta fi dacewa a karkara, tunda dama mutane sun fito.

Sai maganar inshora. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, mu a nan muna da hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA. Roƙona shi ne duba baki, wankin haƙori da ciko su kasance cikin abin da katin ke biya a asibitin da ke kusa da mutum, a kuma rubuta haka ɓaro-ɓaro da Hausa da Turanci a liƙa a bango. Inshorar da ta fi sauƙaƙa cirewa a kan ciko, koya wa mutane jira take yi.

Kuɗi da nisa ba su ne kaɗai ba. Akwai tsoro, kuma tsoron yana da labaransa. Kowa a unguwa ya ji cewa in aka cire haƙorin sama ido na mutuwa. Ba gaskiya ba ne, jijiyar gani daban take da ta haƙori, amma ban taɓa jin an fito a rediyo an warware wannan da Hausar da tsohuwa za ta gane ba. Ana cewa mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori, alhali ana duba ta ana yi mata aiki lafiya lau in ta faɗi cewa tana da ciki. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne cewa wankin haƙori na asibiti yana sa haƙora su yi girgiɗi su buɗe. Wannan yana da tushe, shi ya sa yake da wuyar kankarewa. Dattin da ya daɗe a gindin haƙori yakan daskare ya zama kamar dutse, burushi ba ya fitar da shi. Yana nan yana cin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, dasashin na ja da baya, shi kuma yana cike gurbin. Wannan ne abin da mutane ke kira amosanin baki: jini in an yi asuwaki, wari, haƙori na motsi. Ranar da aka kankare shi sai ɓarnar da ya daɗe yana yi ta bayyana, kamar turken da ya ruɓe amma busasshen taɓo ya riƙe shi tsaye. Majiyyaci ya taɓa da harshe ya ji ƙofofi, ya ce likita ya ɓata masa baki. Da an ɗauki minti biyu an yi masa wannan bayani kafin a fara aikin, da bai fita yana hana mutum goma zuwa ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu ma'aikatan suna da nasu kason. Mutum ya yi ta maza ya zo, da kunyar warin bakinsa, da kunyar baƙin haƙoransa, abin da zai fara ji shi ne, "Sai yanzu ka ga damar zuwa?" a gaban jama'a. Wani a yi masa bayani da Turancin da bai kama ko rabi ba, ya gyaɗa kai don kar a raina shi, ya fita bai san ranar dawowa ba. Na san aikin ya yi musu yawa, abokan aikinsu da dama sun tafi Saudiyya da Ingila, wanda ya rage yana ganin mutanen da ya kamata uku su gani. Duk da haka faɗa ba ya cike rami. Mata kuma nasu ya fi yawa: sai an nemi izinin maigida, sai an samu mai riƙe yara, wata ba za ta iya kwantawa a kujera ta buɗe baki namiji na sunkuye a kanta ba, kuma in kuɗin magani ya shigo gida ita ce ta ƙarshe a layi. In aka samu mace mai jinyar haƙori tana zama ranar awo a ƙaramin asibiti, rabin wannan matsala ta kau, domin dama an saba barin mace ta je awo.

Duk inda hukuma ta bar gurbi, wani zai cike. A tashoshin mota da bakin kasuwanni akwai masu lasifika da ke cire wa mutane "tsutsar haƙori". Za a turara hayaƙi ko a goga auduga, a nuna wa mutum wasu farare-farare a ce ga abin da ke cin sa. Babu tsutsa a cikin haƙori, amma mai lasifikar yana da abin da asibiti ba shi da shi: yana kusa, yana faɗin kuɗinsa tun kafin ya taɓa ka, yana magana da harshenka, ba ya kuma yi maka faɗa. Akwai masu cirewa da filaya, ƙarfe ɗaya daga wannan baki zuwa wancan ba a dafa shi ba, hanyar da za a iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Kama su kaɗai ba zai yi ba, gobe wasu za su fito, tunda masu ciwon suna nan.

Mu masu kemis ma muna cikin lissafin. A sana'armu akwai masu ba da ƙwaya biyu ko uku na maganin kashe ƙwayoyin cuta a ƙulle a leda, kumburi ya ɗan sauka, bayan wata biyu ya dawo, a sake. Maganin ba ya cike rami, ba ya fitar da matacciyar jijiya, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cutar jure masa. Masu shan maganin kashe zafi mai ƙarfi safe da yamma na makonni kuwa, gyambon ciki da ciwon ƙoda na jiran su. Amma tunda wurinmu ake fara zuwa, ku yi amfani da mu. Ku haɗa kai da ƙungiyarmu ta NAPPMED, a ba mu horo na kwana ɗaya kan alamomin haɗari, wato kumburin da ya sauka wuya ko ya hau ido, bakin da ya ƙi buɗuwa, wahalar haɗiya, zazzaɓi, da gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko mai cusa ta a leɓe, domin kansar baki haka take farawa. A ba mu 'yar takardar turawa mai sunan asibiti da rana, wadda in majiyyaci ya nuna za a san da zuwansa. "Je ka asibiti" da baki iska ce ke ɗauka. Masu ciwon suga su ma a riƙa duba musu baki a ranar asibitinsu, domin suga na tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma na wahalar da saukar suga.

Na bar maganar yara zuwa nan ne don ita ta fi ci mini rai. Wata baiwar Allah ta taɓa shigowa da ɗanta ɗan shekara bakwai, yana kuka ya ƙi cin tuwo kwana da kwanaki. Na duba, matauni na can ƙurya ya rarake. Na ce ta kai shi a cike. Ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, na nono ne fa, ai faɗuwa zai yi." Ba na nono ba ne. Haƙoran nono 20 ne, kuma wajen shekara 6 matauni na farko na dindindin ke fitowa a bayansu, sama da ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Saboda ba a ga famfara a wurin ba, iyaye ba sa sanin cewa na girma ne. Shi ne haƙorin da yaro zai yi tauna da shi har tsufa, shi ne kuma ya fi saurin ruɓewa domin ya fito a daidai shekarun alewa. Ka tsaya a ƙofar kowace firamare ko Islamiyya lokacin tara ka ga abin da ke kan faranti: alewa mai sanda, cingam, biskit, lemon roba mai launi. Yawan lokutan da sukari ke taɓa haƙori a wuni shi ne ke yin ɓarna, yaron da ke tsotsar alewa daga safe zuwa azahar bakinsa ba ya hutawa daga tsami. Gwamnatin tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, wannan nasu ne. Naku shi ne ku haɗa kai da ma'aikatar ilimi, a riƙa duba bakin 'yan aji ɗaya da aji biyu sau ɗaya a shekara a harabar makaranta, a cike abin da za a iya cikewa nan take.

Tun daga goyo ma ake fara karkacewa. Zawo, zazzaɓi, amai, duk "haƙori ne yake yi". Fitowar haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima, amma ba ta sa zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi, sai dai ta zo daidai lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Da wannan fahimta ake jinkirta kai yara asibiti, ake kuma ɗura musu "maganin haƙori". Ba mu manta da My Pikin ba, wanda gurɓataccen sinadarin da ke cikinsa ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009. Sannan ga cutar da likitoci ke kira "noma", wadda ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai fama da yunwa, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a watan Disambar 2023, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999. In aka gano ta a matakin gyambo, magani mai araha da abinci da tsaftar baki sun isa. Duk mai raba abincin tamowa a sansanonin 'yan gudun hijirarmu ya kamata a ce ya san ya ɗaga leɓen yaro ya duba.

Jiharmu tana da wata matsala tata ta daban. An daɗe da sanin cewa ruwan wasu wurare a yankin Langtang yana da fuloraid fiye da kima, abin da ke sa haƙoran yaran da suka tashi da shi su fito da dabbare-dabbaren fari da ruwan ƙasa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Masu irin wannan haƙori sukan ɗauka datti ne, su yi ta dirza da toka da gawayi har su ƙara cinye ɓawon. Wannan aikin gwada ruwan rijiyoyin burtsatse ne kafin a miƙa su ga jama'a, sai ka taɓo abokin aikinka na ma'aikatar ruwa.

Game da wayar da kai, ba sai an ƙirƙiro sabuwar hanya ba. Musulmi ya san matsayin asuwaki a sunna, yana yi kafin salla ba tare da wani ya sa shi ba, kuma asuwaki na tsaftace baki sosai in an iya. Abin da ya rage a gaya masa shi ne ya haɗa da man goge baki mai fuloraid safe da dare, kada ya kurkure bayan ya tofar, kuma tsafta ba ta hana a duba. A garin nan na Jos aka kafa Izala a 1978, a garin nan hedikwatar majami'un COCIN da ta ECWA suke. Magana ɗaya daga mimbari ranar Juma'a ko ranar Lahadi ta fi tattakin ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, da ake yi da riguna da huluna a ɗauki hoto a watse. A ba likitan haƙori mai jin Hausa rabin awa a gidan rediyo da talabijin na jiha, PRTV, duk mako, a buɗe layin waya, mutane su yi tambayoyin da suke jin kunyar yi ido da ido. Sai dai kada a fara kiran mutane kafin a shirya inda za su je. In liman ya ce a je a duba, aka je aka tarar ba mai dubawa, an ƙona maganar ke nan har wani lokaci mai tsawo.

Akwai abu ɗaya da ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗin baɗi, takardar umarni daga ofishinka ta isa. Kowane sashen haƙori na asibitin jiha ya kafa allo a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci: kuɗin kati kaza, dubawa kaza, hoto kaza, wanki kaza, ciko kaza, cirewa kaza, ga ranakun aiki da lokutansu. A sa hoton allon a Facebook da WhatsApp, mu ma mu liƙa a shagunanmu. Mutane da yawa da na sani ba tsadar ce ta fi hana su ba, tsoron su je a faɗi abin da ba su da shi ne su ji kunya a gaban mutane. In mai keke ya san adadin tun daga gida, zai iya tarawa cikin mako biyu ya je tun ramin bai kai jijiya ba.

Idan kuma za a gwada zagayen masu jinyar haƙori da takardar turawa a wuri ɗaya kafin a faɗaɗa, Anguwan Rogo da Anguwan Rimi suna da jama'a, suna da ƙananan asibitoci, makarantu da masu kemis. Ni da abokan sana'ata a shirye muke mu zauna da duk wanda za ka turo.

Na gode da lokacinka. Allah ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Naka,
Wani mai kemis,
Anguwan Rogo, Jos.